Muryar Baba a Waya

Laraba da dare, Cadawa.

Yau ƙanena Habu ya dawo daga Maradi da wani zance. Wai nan gaba inji zai ɗauki tsoffin saƙonnin marigayi Baba, ya riƙa hira da mu da muryarsa. Gabana ya faɗi, don Inna na zaune tana ɓarar wake.

Ta ɗago kai ta ce, "Injin nan zai yi mini faɗa in gishiri ya yi yawa a miya?"

Habu ya ce da wuya.

"To ku bar mini Malam ya huta."

Sai ta yi dariya, ta shiga ba mu labarin faɗansa har tuwo ya kama. Tun rasuwarsa ban ji ta ambace shi babu kuka ba sai yau.