Babu Sunana a Biro

Maman Rahama,

Na fita kina barci. Ki yi haƙuri da shirun da na yi maki jiya.

Na je biro, ofishin fansho, a Maraɗi neman kuɗina na barin aiki. Matar da ke aiki wurin ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, babu sunanka." Abin da ake yanka a albashina tun ban yi furfura ba, ashe mai motocin da na yi wa aiki bai taɓa kai masu ba. Na yi mata godiya na fito. Har yanzu ban ji komai a raina ba.

Na tafi garin Ɗan Issa in sami mai motocin. Ki ce wa magini kada ya zo. Tubalin kuma a rufe shi da leda kafin ruwa ya sauka.

Wada