Gatarin Aradu a Zauren Malam Datti

Kawo, Kaduna
Damina, 1956

Zuwa ga Turai, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko na damina da ƙasa ke ƙamshi idan ya sauka, ke da nake gani a kan kowace taswira da na shimfiɗa a ofishin safiyo har alƙalami ya kauce mini daga layi!

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yan makarantarki. Ni kam ba zan ce miki lafiya nake ba, don ƙarya ba kyau. Raina a ɓace yake, Turai, kuma na rasa wanda zan huce a kansa: ke, ko babanki Malam Datti, ko wannan bakin nawa da ba ya buɗewa sai in ana maganar mutanen da suka daɗe da zama ƙasa.

Kin tuna ranar da leburori ke haƙa lambatu a hanyar Doka? Ina cikin awo na hango wata malama ta tsuguna a bakin rami, ɗalibai sun kewaye ta, tana goge tsingaron tukunya da gefen mayafinta. Kowa tsallake shi yake yi, ke kika ɗauka. Kika nuna musu adon da ke jiki, kika ce igiya aka murza a kan ɗanyen yumɓu. Sannan kika ga gurbin babban yatsan maginiyar a bakin tukunyar, kika sa naki a ciki, ya zauna daram. Da na roƙa a ba ni in gani, na sa nawa inda kika cire naki, wallahi da ɗuminki na same shi. Tun ranar hankalina bai dawo gida ba.

Samari turare da ɗankwali suke kaiwa, ni kuwa na san ba su ne za su motsa ki ba. Sai na ɗauko gatarin aradun da na tsinta a gindin dutsen Turunku, baƙin dutsen nan mai santsi da tsofaffi ke cewa tsawa ce ke jefo shi, alhali ni da ke mun san hannun ɗan Adam ne ya wasa shi. Na naɗe shi a sabon hankici, na sa rigar Sallah, na taka keke tun daga Kawo, na yi sallama a ƙofar gidanku. Wa zai fito? Babanki! Idonsa ya faɗa kan dutsen kafin ya faɗa kaina. Ya ce, kai yaro, ina ka samo wannan? Ta yaya zan dubi dattijo in ce masa na 'yarka ne? Na ce na kawo a gani ne. Ya ja hannuna har cikin zaure, ya sa aka kawo tuwo, ya rantse sai mun ci a kwano ɗaya.

Na ci, Turai. Wannan lomar ita ta kashe ni. Wane mai neman aure ne ke zama a tabarma ɗaya da surukinsa, balle ya tsoma hannu a miyarsa? Daga ranar na tashi daga manemi na koma aboki, ban sani ba. Kowace Asabar ina zauren nan, muna gardama a kan wa ya gina ganuwar Turunku, da kawunan yumɓun da masu haƙar kuza ke tonowa a Nok, ya daki cinyarsa ya ce ban san komai ba, sannan ya tura mini tsokar nama. A gaban mutane yake ce mini abokina. Kuma abin haushin, ina ƙaunar tsohon nan! Duk Kaduna ba ni da wanda hira da shi ke mini daɗi kamarsa. Gatarinki kuwa yana can a alkukin zaurensa, yana nuna wa baƙi shi kamar ya gada daga kakansa.

Ke ma ba ki taimake ni ba. Ki kawo ruwa, ki ajiye, ki koma bayan ƙyaure ki ce, Baba, ku tambayi Malam Yusha'u ko a rami aka gasa tukunyar nan ko a fili. Ranar da Allah ya ba ni ke a ƙofar gida, na tattara duk ƙarfin halina na ce miki abinci ya daina mini daɗi, me kika ce? Kika yi murmushi, kika tambaye ni tsawon ganuwar! Haba, Turai! Kunya ce wannan, ko kuwa ke ma abokin tarihi kika ɗauke ni, kamar babanki? Ya tauraruwar asubahina, har yaushe zan riƙa amsa tambayoyin matattu, tawa tambayar ta mai rai tana nan ba amsa?

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Asabar da ta wuce, bayan la'asar, Malam ya rage murya ya ce mini magabatan Ɗahiru na ofishinmu sun zo neman aurenki. Ya ce, abokina, ba wanda na yarda da shi kamarka, ka binciko mini halin yaron nan da asalinsa, ba zan ba su amsa ba sai na ji daga bakinka, na kuma ji daga bakin yarinyar ta wajen gwaggonta Kulu. Ni! Ni aka aika in duba wa wani hanyar shiga gidanku! Tuwon da ke bakina ya ƙi wucewa, shi kuwa ya ɗauka yaji ne, ya miƙo mini ruwa.

Na bincika, don amana ce. Na tona har na gaji, ban sami komai ba. Ɗahiru yana sallah a kan lokaci, yana riƙe da mahaifiyarsa, bai taɓa ɗaga wa masinja murya ba. Aibinsa ɗaya na sani: na taɓa ganin ya ɗauki tsingaro mai ado ya jefi akuya da shi. Wannan kuwa ba ya hana aure a wurin kowa sai ni da ke. Don haka gaskiya zan faɗa wa babanki, ko da ita ce za ta raba ni da ke.

Saura ke. Gwaggo Kulu za ta kira ki ɗaki ta tambaye ki. Don Allah, don Annabi, kada ki sunkuyar da kai ki yi shiru, shirun nan amsa za a ɗauke shi. In ni ne a ranki, ki faɗi sunana, ko da a cikin mayafi ne. Baffana Idris yana Zariya, kalma ɗaya yake jira ya hau jirgin ƙasa ya zo nema mini aurenki.

Ni ga nawa alkawarin. Asabar mai zuwa zan tuɓe takalmi tun daga waje. Ba zan hau tabarmarsa ba, a ƙasa zan durƙusa, kaina a sunkuye. Zan ba shi labarin Ɗahiru yadda yake. In aka kawo tuwo, ko ya rantse, hannuna ba zai shiga kwanon ba. Mutumin da ke duban tsingaro ya faɗi zamaninsa ba zai kasa karanta wannan ba. Na san daga ranar na rasa abokin hira, ba sauran gardama, ba sauran tsokar nama, kuma wallahi abin yana mini ciwo. Amma ke na zo nema a gidan nan tun farko.

Ki tsaya a bayan ƙyaurenki ki saurara. In kika ga kwano ya komo ciki da gefena ba a taɓa ba, kada ki aiko a tambaya ko ba ni da lafiya.

Naki, yau da gobe, har tukwanen gidanmu su zama tsingaron da wasu za su tsinta,

Yusha'u