Ɗan goggona ya mayar da waƙar makokin abokinmu waƙar amare

Admin ya ɗora: wannan saƙo daga wani ɗan uwa ne mazaunin Bangui, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni haifaffen unguwar Kilomita Biyar ne a Bangui, kakana daga Damagaram ya zo da fatauci ya zauna, a hannunsa na koyi gurmi. Sana'ata sayar da kayan babur a titin Koudoukou, amma duk wanda ya yi biki a unguwarmu kafin rikici ya san ni da kiɗa. Muna da 'yar ƙungiya, ni da gurmi kuma ni ke tsara baituka, Ɗanjuma ɗan goggona shi ke rerawa don Allah Ya ba shi murya, Mahamat yana ganga, sai Firmin, wani Kirista ɗan unguwar Miskine, mai jita. Kiɗanmu ba irin na Kano ba ne ba kuma irin na Kinshasa ba, gurmi na tafiya jita na bin sa a baya kamar suna hira, baiti ɗaya da Hausa ɗaya da Sango, yaren ƙasar. Tsofaffi su ji nasu, yaran da Hausarsu ta yi rauni su ma su ji nasu. Ba mu taɓa shiga studiyo na kirki ba, wajen Bangui babu wanda ya san da mu, sau da yawa idan na ce wa baƙo daga Najeriya akwai masu waƙar Hausa a nan sai ya yi dariya, ya ce ashe har Hausawa gare ku.

Da rikicin Musulmi da Kirista ya zo hanya ta yanke tsakaninmu da Miskine, tafiyar da muke yi da ƙafa ta zama ba mai yin ta. Firmin yakan kira ni a waya ya ce, ita, wato ɗan uwa da Sango, saurari wannan, sai ya ajiye wayar ya kaɗa mini wani sabon sauti da ya ƙirƙiro. Ya ce idan hanya ta buɗe za mu sa masa baituka. Hanya ba ta buɗe da shi ba, harsashi ya kashe shi ranar da ya fita nema wa 'yarsa Grâce magani.

Bayan ƙura ta lafa na zauna na sa wa sautin nan baituka, da sunansa a ciki, da unguwarsu, da yadda yake cin tuwo a gidanmu ranar sallah har ya fi mu loma. Ranar da danginsa suka yi taron fita daga makoki muka shiga Miskine, karon farko tun rikici. Ɗanjuma ya rera waƙar a tsakar gidansu, da ya kai baitin Sango muryarsa ta karye, matar Firmin, wadda muke kira Maman Grâce, ta taso ta riƙe hannunsa har ya ƙarasa. Mutanen da a baya ba za su amsa mana gaisuwa ba suka rako mu har bakin titi. Daga ranar muka yi alkawari mu uku cewa waƙar nan ba ta biki ba ce, ba za a yi rawa da ita ba.

Daga baya Ɗanjuma ya tafi Kamaru, daga can ya wuce Najeriya neman sa'a. Ni na raka shi tasha. Ya ce da ya samu wurin tsayawa zai aiko mana, duniya sai ta ji gurmin Bangui. Shekaru suka wuce, waya tana raguwa, ban riƙe shi da komai ba don na san zaman baƙunta.

Kwanakin baya ina rumfa sai wani mai babur ya tsaya sayen birki, waƙa na tashi a wayarsa. Tun kafin murya ta shigo na gane, sautin Firmin ne, an kaɗa shi da fiyano an ƙara masa gudu. Sai muryar Ɗanjuma. Baitukana ne, amma inda sunan Firmin yake an sa sunan mace, an cire Sango gaba ɗaya, inda na ce ka tafi ba sallama an mayar da shi masoyi na yi wa budurwa ƙorafi. Mai babur ya ce ai waƙar nan ita ake yayi, babu bikin da ba a sa ta daga Garwa har Kano. Na nemi bidiyon a intanet na ga amare na juyi da ita. Na kuma ga wata intabiyu da aka yi da shi, aka tambaye shi yadda waƙar ta samu, ya ce shi kaɗai ya ƙirƙire ta yana cikin kewar wata. Aka tambaye shi asalinsa, ya ambaci garin kakanninmu, Bangui ko a bakinsa.

Ban gama farfaɗowa ba sai ga Maman Grâce a rumfata, tana sayar da soyayyen kifi ne a kasuwa, ta baro kayanta ta zo. Ba ta zauna ba. Ta ce ta tarar da Grâce da ƙawayenta suna rawa da waƙar a waya, yarinyar ba ta ma gane ba don tana ƙarama lokacin. Sai ta dube ni ta ce, “Ita, kun sayar da shi ne?” Na rantse mata ban sani ba. Ta ce ta ji, amma yadda ta juya ta tafi na san ba ta gama yarda ba.

Na kira Ɗanjuma. Da farko ya yi ta wasa da maganar, da ya ga na dage sai ya fito fili. Ya ce babu furodusan da zai karɓi waƙar mutuwa da sunan Kirista a ciki da yaren da ba wanda ke ji a can, ya ce in da ya bar ta yadda take da har yau tana tsakar gida a Miskine. Na tuna masa alkawari, ya ce alkawari ba ya cika ciki. Abin da ya fi ƙona ni shi ne da ya ce, wa ya san ku, ni ne na sa aka ji sautin ma. Na ce to ka faɗi sunan mai sautin ko sau ɗaya, ya ce hakan zai ɓata masa tafiya, mutane za su ce sata ya yi. Na ce to me ka yi? Ya kashe waya.

Ga inda abin ya cakuɗe. Mahaifiyarsa, goggona, ita ta riƙe ni tun rasuwar tawa, nono kawai ban sha nata ba. Yanzu ba ta da lafiya, shi ke ɗauke da maganinta, shi ya gyara mata ɗaki. Ta kira ni ta ce, ɗana, na ji abin da ke tsakaninku, idan ka tona shi ni ka tona, waƙa iska ce, zumunci kuwa ba a sake shi.

Yanzu kuma an shirya wa Ɗanjuma wasa a nan Bangui bayan sallah, ya aiko a gaya mini yana so in hau dandamali da gurmina a wannan waƙar, wai zai gabatar da ni a matsayin maigidansa, daga nan ya tafi da ni studiyo. Ba zan yi muku ƙarya ba, raina ya so, tun ina yaro nake mafarkin a ji gurmin nan a wajen unguwa, kuma shekaru na tafiya. Amma idan na hau na sa hannu ke nan a kan ƙaryar, a gaban mutanen Miskine da suka san gaskiya. Mahamat ya ce in hau, idan an kai tsakiya in karɓi makirufo in rera baitin Firmin yadda yake, kowa ya ji. Wani matashi mai shiri a gidan rediyon unguwa kuma yana bina in zo in ba da labarin da bakina. Matata ta ce in bar shi da Allah in ci gaba da sayar da birkina.

Jiya Ɗanjuma ya aiko mini da ɗinkin shadda na hawa dandamali, na gwada, ta zauna daidai, har yanzu bai manta awona ba. Tana nan rataye a ƙusa, na kasa mayarwa na kasa sawa a akwati.

'Yan uwa, me zan yi? In hau in yi shiru don goggo, in hau in faɗi gaskiya a gaban jama'a, ko in je rediyo? Ko akwai hanyar da sunan Firmin zai koma kan waƙarsa ba tare da na kwantar da tsohuwar da ta raine ni ba? Wanda ya taɓa shiga irin wannan tsakanin ɗan uwa da mamaci, don Allah ya gaya mini yadda ya fita. Allah Ya saka da alheri.