Adudun Kande

Legas,
9 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Alhaji Mamman, Yelwa.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Halima da jikoki. Yaya ƙafar taka?

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aka cire sunana daga masu tafiya kwas ɗin kiwon kifi a ƙasar waje aka sa naka, alhali ni na zo na ɗaya. Tun daga ranar ba mu taɓa zama ba sai ka ba ni labarin jirgin sama. Ban yafe wa ofishin ba. Amma na rubuto ne don ka sani ni ma na hau, kuma da kyanwa, abin da kai ba ka taɓa yi ba.

Ka san 'yata Fauziyya ta daɗe tana matsa mini in zo Legas a cire mini yanar ido. Na ce mata ba inda za ni in bar 'Yar Gungu. Kyanwar uwarta ce, kuma tun da matata Kande ta rasu ita kaɗai ke sauraron maganata a gidan. Fauziyya ta kira kamfanin jirgin, suka yarda da sharaɗin takardar allura daga likitan dabbobi. Na samo. Sun kuma yi maganar irin jakar da za a sa ta, ni ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shiga jirgin ruwa a Warra tare da awaki da kaji ba ya tambayar inda dabba za ta zauna. Na sa ta cikin adudun kayan auren Kande, inda take kwana, na ɗaure murfin da igiya.

Direban da ya kai ni filin jirgi ya juya, akwatina ya wuce ciki, sannan wata ma'aikaciyar kamfanin ta lura da adudun. Ta ce ba zai shiga ƙarƙashin kujera ba, kuma an rufe karɓar kaya. Na yi mata Turancin da rabona da shi tun ina aiki, bai yi amfani ba. Sai na zauna a benci na ce su tafi, idon ya ƙarasa rufewa.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Esther, 'yar Shanga, da za mu hau jirgi ɗaya, ita ta cece mu. Ta zazzage jakarta ta yadi, ta ƙulle kayanta cikin ɗankwali, ta aro almakashi a teburin ma'aikata ta yanka ramukan shan iska. Na jefa guntun bandar kifi ciki, 'Yar Gungu ta bi shi da kanta.

Mamman, ban san haka abin yake da daɗi ba. Da jirgin ya ɗaga ta yi kuka sau biyu, na zura yatsa ta ramin, ta kama lasa har ta yi barci a kan ƙafata. Ƙamshin bandar ya cika wurin. Wani mai kwat da ke gabanmu ya waigo a fusace, daga baya ya tambaya ko kifin Yauri ne, ko akwai saura. Na ba shi. Da ragowar idona na ga gajimare a ƙarƙashina, na yi ta dariya har Esther ta tambaya ko lafiya.

An yi aikin ranar Litinin. Da hannuna nake rubuto maka, ba tabarau. Ashe kyanwar tana da farin tabo a haɓa, shekara uku ban gan shi ba.

Ka gaida mutanen majalisa. Ka sa a leƙa mini gida kafin ruwa ya sauka.

Naka,
Basiru.

Ƙari: Adudun a kan bencin na bar shi, don ana ta kiran sunana. Fauziyya ta buga waya sau uku, an duba, babu shi. Shi ne abu na ƙarshe da ya rage daga kayan ɗakin Kande.