'Yata Ta Mai da Ni Ɗan Leƙen Asiri, Shagona Ya Yi Tsit

Malama mai wannan fili, ki taimake ni da shawara, don dabarata ta ƙare.

Ni mai aski ne. Karatuna bai yi nisa ba. Ni da makaranta mun rabu tun a ƙaramar sakandare, kuma har yau babu wanda ya nemi wani. In kin ga rubutun nan yana ɗingishi, haka aka haife shi.

'Yata ta fari ce ta ƙarasa karatun da na gudu na bari. Ta ajiye aikin ofis, wai za ta riƙa rubuta littattafan leƙen asiri. Na sa mata albarka, ina zaton irin na fim ne, a yi ta harbi ana dirowa daga bene. Ashe nata ko bindiga ɗaya babu. Mutane ne masu ciwon baya da rigimar gida, suna zaune suna sauraron abin da ba a sa su ba. An ce haka aikin yake a zahiri, shi ya sa littafin ya karɓu, har ana karanta shi a rediyo.

To, babban ɗan leƙen asirin littafin mai aski ne. Madubinsa ya tsage ta hagu, kamar nawa. Yakan yi gyaran murya kafin ya ɗora reza, kamar ni. In yana da rahoton da zai miƙa, sai ya shanya tawul a tagar shago. Malama, ni tun ba a haife ta ba nake shanya tawul a taga, kuma abin da nake jira kawai ya bushe. Ko tumbina da sanƙona ba ta raga musu ba.

A sana'armu, wanda ya miƙa maka wuyansa yakan buɗe maka cikinsa. Ka ɗaura masa ƙyalle, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba. Maigidan da ya koya mini aiki ya ce maganar kujera tare da gashi ake share ta. Ban taɓa kai ko guda gida ba.

Da farko abin dariya ne. Samari suna sara mini in sun shigo, ni kuma ina biye musu. Sannu a hankali shagon ya yi tsit, sai ƙarar inji. Wanda ya fi tsaya mini a rai aminina ne, tsohon direban motar asibiti, wanda tun rasuwar matarsa ni kaɗai yake faɗa wa damuwarsa. Makon jiya na hango shi da sabon aski, kuma ba hannuna ba ne. Har layin goshin an karkatar masa.

Yanzu masu buga littafin suna son na biyu, sun ce lallai mai askin ya dawo. Ta zo da murnarta ta gaya mini, na ce wannan karon ta taimaka ta dasa masa gashi, muka yi dariya. Na bi littafin nan da yatsa layi-layi, kuma wallahi ina alfahari da ita. In na ce ta kashe mai askin, na tare mata hanya. In na yi shiru, mutanena sun tafi. Ina zan sa kaina?

Mai askin da ba ya kai rahoto

AMSA

Baba mai aski, rubutunka ba ya ɗingishi, kuma na ga ciwon da ka lulluɓe da raha.

Bari in fara da ɓangaren 'yarka. Irin labarin da take rubutawa ba ya tsayuwa sai mai cin amanar ya kasance mutumin da kowa zai rantse a kansa. Da ta nemi irin wannan mutum, kai ta gani. Wannan shaida ce mai kyau, ko da ta zo maka a murɗe. Amma ta yi kuskure. Marubuci yana da ikon aron hali, ba shi da ikon kwashe madubin mutum da tagarsa ya zuba a littafi bai tambaye shi ba, balle mutumin da amana ce jarinsa.

Sai dai ba ta san ɓarnar ba, domin duk lokacin da ta zo, dariya kake ba ta. Ka zaunar da ita, ka ajiye barkwanci a bakin ƙofa, ka gaya mata zancen amininka kamar yadda ka gaya mini. Kada ka ce ta daina rubutu, kada ka ce ta kashe kowa. Ka roƙe ta ta canja wa mutumin kama da shago da ɗabi'u a littafi na biyu, kuma duk inda aka yi hira da ita ta faɗa a fili cewa mahaifinta bai taɓa kawo mata maganar kowa ba. Wadda ta iya ƙirƙiro ɗan leƙen asiri ba za ta kasa sake masa fuska ba.

Kai ma ka daina amsa sarawar samarin nan. Wasan da kake biyewa shi ke ba jita-jita ƙafa.

Amininka kuwa, kada ka jira gashinsa ya dawo da shi. Ba fushi yake yi ba, tsoro yake ji. Mutum ne da ya ajiye raunin zuciyarsa wuri ɗaya, sai ya ji ana cewa wurin yana yoyo. Ka taka har gidansa, ba inji ba reza, ka kalle shi ka ce abin da ya ba ka ajiya yana nan inda ya bar shi. Wataƙila ba zai saki jiki a ranar ba. Ka koma.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa wa alƙalamin 'yarka albarka, Ya dawo maka da hayaniyar shagonka.