Farin Fenti a Kicin ɗin Umma

Agege, 4 ga Maris

Zuwa ga Inna Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Kazaure, ya ƙafar taki? Tunda kin rantse ba kya jin magana a waya, ga takarda ta hannun Isiyaku direba.

Inna, na je yin abin kirki ya zame mini abin kuka. Kin san kicin ɗin Umma: bango kore shar, gishiri a jan gwangwani, sukari a shuɗiyar roba, kanwa a wata tsohuwar samira ruwan ɗorawa, sai ka ce rumfar 'yan koli. Da ta tafi suna unguwar Ogba ta kwana biyu, na kira mai fenti ya mayar da bangon fari fat. Na hau motar danfo har kasuwar Idumota na sayo fararen robobi goma sha biyu iri ɗaya, na liƙa wa kowace suna. Tsofaffin kuwa na tura su ƙarƙashin gado.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Washegari ta zuba sukari a miyar kuka. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Yau kwana tara ba ta taka kicin ba, matar da ko zazzaɓi ba ya hana ta tuƙa tuwo. Jiya kuma ta ce Legas ta ishe ta, wurinki za ta koma. Shekararta talatin a Agege fa, Inna! In ta tafi da wa zan zauna? Me na yi mata?

'Yarki,
Bushra

Kazaure, 11 ga Maris

Bushra 'yar Legas,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, kowa yana gaishe ki.

Ke dai akwai kai, sai dai wani lokacin a rasa inda kika ajiye shi. Ummanki, Yaya Humaira, ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba, to yau zan karya, Allah ya yafe mini. Idonta ne. Tun zuwanta biki bara ta gaya mini dishi-dishi take gani. Rubutu ya daɗe da ɓace mata, launi mai ƙarfi kaɗai ya rage, da shi take gane gishiri da sukari. Kin ɗauka rashin sanin ado ne? Uwarki ce fa ta yi jeren da aka shekara ana zancensa a garin nan. Kin ɗora fari a kan fari, kin bar ta tana lalube a ɗakin da ta fi sani a duniya.

Ba fushi take da ke ba. Kunya take ji, tana tsoron ta zame miki kaya ga ki da aikinki. Kada ki je ki durƙusa kina mata kuka, kin san halinta, a ranar za ta ɗaure kayanta. Ki gyara kawai, ki ja bakinki.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Talatu

Agege, 19 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa. Bango ya koma kore. Na sa an shafa ruwan ɗorawa a bakin ƙofa da gefen kantar kwanuka, na mayar da kayanta kowanne mazauninsa. Na ce mata farin saurin datti ne da shi.

Ta shiga ta daɗe tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora tukunya. Ina yanka mata albasa, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Talatu dai tun tana yarinya cikinta ba ya riƙe magana." Hawaye suka zubo mini, na bar wa albasa laifin. Can sai ta ce, "To tunda kin sani, ranar Litinin ki roƙi oganku izini, ki raka ni asibitin Idi-Araba. Hannuna za ki riƙe, Bushra. Na daɗe ina tsoron tsallaka titin nan ni kaɗai."

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Bushra