Ruwan Wankin Baba

Santiago, 7 ga Afrilu, 1952

Madrina, uwata ta baftisma,

Ina gaishe ki da ladabi, ke da ɗanki Yaya Osvaldo da matarsa.

Mama ba ta san na rubuto ba. Wata biyar ke nan Baba yana Temuco, ya ce ba zai dawo ba. Kin san dokar ƙungiyar da ta ba mu gida: ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi wata uku bai kwana gidansa ba, a karɓe gidan. Gidajenmu arba'in kuwa sun zagaye lambu, tagar kowane kicin lambun take kallo. Shi ya sa duk Asabar Mama ke shafa wa tufafin aikinsa gawayi, ta wanke a kwamin tsakiyar lambu, don a ɗauka ya zo ya koma.

Shekaranjiya tana zazzaɓi, ni na wanke, na manta gawayin. Maƙwabciyarmu Doña Zoila ta gida na tara, mai kirana Bebiya don rashin surutuna, ta leƙo ta taga: "Ke Bebiya, da madara ubanki yake hura jirgi yanzu? Ruwa garau!" Mata suka kwashe da dariya. Na kasa ɗaga kai.

Yaya Osvaldo ma aikin wuta yake yi a jirgi. Don Allah ki aro mini kayansa masu dattin gaske.

'Yarki,
Herminia

Rancagua, 12 ga Afrilu

'Yata Herminia,

Gaisuwa mai yawa. Wayyo yarinyata! Kin kyauta da kika faɗa mini. Osvaldo zai zo da kansa ran Lahadi. Ɗaki nawa ne gidan naku ma? Na manta. Kada ki tayar wa uwarki hankali da maganar.

Madrinarki,
Eulogia

Santiago, 21 ga Afrilu

Madrina,

Ina gaisuwa. Ya zo, bai kawo kaya ba. Mama ta zuba masa wake, ya cinye, ya tashi yana auna ɗakinmu da taku. Daga nan ya miƙa wa shugaban ƙungiya wasiƙata. A gindin ɓauren lambu aka karanta ta da ƙarfi, kowa na tagarsa. Doña Zoila ta ce, "Ashe Bebiya na da baki, a takarda take ajiye shi!"

An ba mu zuwa Juma'a mu bar gidan. Mama ba ta dake ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Na san ba da saninki ya yi ba. Ki ce ya janye.

'Yarki,
Herminia

Rancagua, 23 ga Afrilu

Herminia,

Muna lafiya. Shekara shida Osvaldo na jiran layin gidan ƙungiya, matarsa kuma ta kusa haihuwa. Ba mu muka kori ubanki ba.

Ku bar labulen kicin, daidai tagar aka ɗinka shi. Makulli kuma ku bar shi a hannun Doña Zoila. In jaririn ya zo za su buƙaci mai wanki, na riga na ce ke.

Allah ya yi miki albarka.

Eulogia